Tarihin Benjamin Walsh, Manomin Da Ya Gano Yadda Itace Ke Juya Halin Ƙwaro

Duk mutumin Arewa da ya taɓa sa rigar tsamiya, ko kuwa ya ga ana yi wa babbar riga aiki da zaren tsamiya, ya san ba daga gonar auduga wannan zare ya fito ba. Waɗansu tsutsotsi ne ke taruwa bisa itace su saƙa shi. Yarbawa, waɗanda da yawa daga masu karanta wannan shafi ke zaune tare da su a Ikko da Badun, suna kiransa sanyan. Masu sana'ar a ƙasar Hausa kuwa tun tuni suke rarrabe zaren da sunan itacen da tsutsar ta ci, watau akwai tsamiyar tsamiya, akwai kuma tsamiyar doka. Doka ita ce itaciyar nan da ta cika dazuzzukan Kudancin Kaduna, wadda duk wanda ya bi jirgin ƙasa ta Kafanchan ya gan ta dama da hagu. Tsutsar da ke cin ganyenta Turawa sun laƙaba mata sunan Moloney, tsohon Gwamnan Ikko, wanda har yanzu akwai titi mai sunansa a cikin birnin.

Tsutsotsin nan biyu iri dabam dabam ne, kowace da itacenta. To, amma yaya aka yi kowace ta liƙe wa itace guda? Shin abincin da ƙwaro ke ci yana iya juya shi, shi da 'ya'yansa da jikokinsa, har wata rana ya rabu da danginsa ya zama wani iri? Mutumin da ya fara amsa wannan tambaya da hujja bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Wani Bature ne mutumin Ingila wanda ya ƙare rayuwarsa a Amurka, sunansa Benjamin Dann Walsh, kuma bai kama nazarin ƙwari sosai ba sai da ya kusa shekara 50 da haihuwa.

An haifi Walsh a cikin shekarar 1808 a Clapton, wani ƙauye a gefen Landan a wancan zamani. Gidansu gidan 'ya'ya da yawa ne, kuma gidan da abin kunya ya faɗa wa tun yana ɗan yaye. Ubansa, shi ma Benjamin Walsh, dillalin hannun jari ne kuma wakili a Majalisar Dokokin Ingila. A 1811 wani babban lauyan gwamnati, Sir Thomas Plumer, ya danƙa masa kuɗi masu yawa don ya saya masa takardun jari, sai ya yi sama da faɗi da mafi yawansu ya nufi bakin teku zai gudu. A tashar Falmouth aka cafke shi. A 1812 Majalisa ta kore shi daga cikinta.

Duk da haka yaron ya sami ilmi. Ya yi makarantar St Paul's a Landan, a 1827 ya shiga kwalejin Trinity ta Jami'ar Kambirij. Harshen Girkanci da na Latin ya karanta, ya kuwa ƙware ƙwarai, har kwalejin ta riƙe shi cikin malamanta. A 1837 ya buga fassarar waɗansu wasannin ban dariya na Aristophanes, wani marubucin Girka na zamanin da. A Kambirij ɗin ne ya gamu da wani ɗalibi na wata kwaleji, mai yawon fadamu yana tara buzuzu, sunansa Charles Darwin. Sanin juna ne kawai na sama sama, ba wanda ya zaci zai yi wani amfani nan gaba.

A wancan lokaci ka'idar kwalejin ita ce malaminta ba ya aure, kuma ana sa ran bayan 'yan shekaru ya zama limamin coci. Walsh bai ga zai iya ko ɗaya ba. Mutum ne mai kaifin baki wanda ba ya ganin abin da bai gamshe shi ba ya yi shiru, har ma ya rubuta ɗan littafi a kan jami'ar da gyare-gyaren da ya ga tana bukata. A 1838, yana da shekara 30, ya tattara ya bar Ingila tare da matarsa Rebecca, suka haye teku zuwa Amurka.

Noma da katako

Can cikin jihar Ilinoi ya yada zango, a wani yanki da ake kira Henry, inda a sa'an nan daji ne da ciyawa iyakar ganin ido. Ya sayi fili wajen eka 300, ya gina ɗan gidansa da hannunsa, ya kama noma. Mutumin da ya saba da littattafan Girkanci, ga shi yana huɗa, yana tatsar shanu, yana gyaran takalminsa da kansa. Wanda ya baro garinsu ya zo wata ƙasa ya kama sana'ar da bai gada ba ya san irin wannan zama. Kimanin shekara 12 ya yi a haka. Daga bisani zazzaɓin cizon sauro ya addabi yankin, lafiyarsa ta taɓu, sai ya koma garin Rock Island a bakin kogin Misisipi wajen 1850, ya buɗe cinikin katako. Ya gina jerin gidajen haya kuma, waɗanda suka riƙe shi daga baya.

A garin nan ya tsoma hannu cikin siyasa. Yana cikin masu ƙin cinikin bayi, wanda a lokacin ya raba Amurka gida biyu. An zaɓe shi cikin majalisar gari, ya shiga ne musamman don ya binciki yadda ake cin kuɗin jama'a, da ya tone abin da ya gani bai daɗe a kujerar ba ya sauka.

Sai a ƙarshen shekarun 1850, bayan ya bar cinikin katako, ya ba da kansa gaba ɗaya ga ƙwari. Mutanen Rock Island sun saba ganinsa da doguwar sanda da ragar kamun ƙwari, da wata doguwar hula wadda ya shimfiɗa wa wani abu mai laushi kamar totuwa a ciki, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi. In ya kama ƙwaro sai ya soke shi da allura ya kafe a cikin hular, ya mayar kansa ya wuce. Yara na binsa, manya na yi masa kallon wanda ya taɓu. Amma shekarun da ya yi a gona sun ba shi abin da malaman birni ba su da shi, watau yana duban ƙwaro ta wajen ɓarnar da yake yi wa manomi, kuma ba ya yarda da magana sai ya kiwata ƙwaron da kansa tun daga ƙwai har ya yi fiffike. Ya yi ta faɗa da masu tallar magungunan ƙarya, waɗanda ke sayar wa manoma gari ko ruwa da sunan yana kashe kowane irin ƙwaro. A jaridun manoma ya riƙa kiran sunan kayansu yana bayyana dalilin da ya sa ba za su yi aiki ba.

Abin da ya gani

A 1859 littafin Darwin a kan asalin jinsunan halittu ya fito. Walsh ya karanta shi bayan shekara biyu, da niyyar suka, amma ya ƙare yana ganin abubuwa da yawa a ciki sun dace da abin da idonsa ke gani a daji. A 1864 ya rubuta wa Darwin wasiƙa ya tuna masa zamansu na Kambirij, daga nan suka riƙa musayar wasiƙu. Manyan malaman Amurka na lokacin, irin su Louis Agassiz na Jami'ar Harvard, suna kan cewa kowane iri yana nan yadda yake ba ya motsi. Walsh, daga ƙauyensa, ba shi da kujera a kowace jami'a, ya fito ya yi musu raddi a rubuce, kuma da ƙwari ya kafa hujja.

Ga irin abin da ya lura da shi. Akwai wata tsutsa mai gashi a Amurka wadda ke cin ganyen itatuwa iri iri. Akwai kuma wata mai kama da ita wadda ba ta cin kome sai ganyen itace guda, wanda ake kira sikamo. Launin tukkayen gashinsu ya bambanta, amma in suka girma suka zama malam-buɗe-littafi na dare, da ƙyar mutum zai iya rarrabe su. Walsh ya ce wannan alama ce ta dangi guda da abinci ya raba. A cikin wata maƙala da ya buga a Filadelfiya a 1864 ya shimfiɗa yadda abin ke faruwa daki daki. Da fari waɗansu daga cikin ƙwarin sukan koma wani sabon tsiro. 'Ya'yan da suka tashi a kansa sukan fi son su koma masa su yi ƙwai. Tun da yake ƙwari da yawa a bisa abincinsu suke barbara, na sabon tsiro sai su riƙa haɗuwa da na sabon tsiro, na tsoho da na tsoho. In aka daɗe a haka, zuriya bayan zuriya, ɗan bambancin da ke tsakaninsu sai ya yi ta ƙaruwa, har a kai inda ba su haɗuwa sam. Darwin ya ga nauyin maganar, ya sa ta cikin bugu na huɗu na littafinsa a 1866 da sunan Walsh.

Abin da ya sa maganar ta zama sabuwa shi ne ba ta bukatar dutse ko teku ya shiga tsakani. Itatuwa biyu na iya tsayawa a gona guda, inuwarsu na taɓa juna, amma ƙwarin da ke kansu su zama kamar mutanen garuruwa biyu masu nisa.

Ba a jima ba sai ga misali ya faɗo masa a hannu. A Amurka akwai wata itaciyar daji mai ƙaya da 'ya'ya jajaye ƙanana, Turawa na kiranta hawthorn, ta yi kama da magarya, don haka a nan sai a kira ta magaryar Amurka. Tun fil azal akwai wani ɗan ƙuda mai zane a fiffike da ke rayuwa a kanta. Macen takan huda fatar ɗan itacen ta sa ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta ci cikin, in ɗan itacen ya faɗi ta fita ta shige ƙasa ta kwanta har sanyi ya wuce, sa'an nan ta fito ƙuda a shekara mai zuwa daidai lokacin da 'ya'yan itacen suka nuna. Zuriya ɗaya ke nan a shekara. Tuffa kuwa baƙuwa ce a ƙasar, Turawa ne suka zo da ita tun cikin shekarun 1600. Shekara wajen 200 ƙudan nan bai kula ta ba. Sai a tsakiyar shekarun 1800 manoman kwarin kogin Hudson a jihar Niyu Yok da maƙwabtansu suka fara yanka tuffa suna tarar da tsutsa ta yi hanyoyi a ciki.

An aika wa Walsh da samfur. Ya kiwata su, ya gwada da waɗanda ya samu cikin magaryar Amurka a Ilinoi, ya ga ƙuda ɗaya ne. Amma ga abin mamaki: a Ilinoi ƙudan yana nan, tuffa tana nan, bai taɓa ta ba, a gabas kuwa ya far mata. A 1867 ya buga bayaninsa, ya raɗa wa ƙudan suna pomonella, wanda har yau da shi masana ke kiransa, ya ce wani reshe ne na ƙudan ya koma tuffa, kuma son tuffar ya zama abin gado a cikinsa. Ma'anar wannan ga manomi a fili take. Wanda ya kawo sabon iri gonarsa ya ga shekara da shekaru ba abin da ya taɓa shi, kada ya ɗauka ya tsira, don mai yiwuwa ne abokin gābar yana nan cikin dajin da ke gefen gonar, bai juyo ba tukuna.

Haka ya bi labarin wani buzuzu mai ratsi wanda ke cin wata ciyawar daji mai ƙaya a yammacin Amurka. Da manoma suka kai dankalin Turawa yankin, buzuzun ya koma kansa wajen 1859, ya kama tafiya gabas gona bayan gona. A 1865 Walsh ya gargaɗi mutane cewa ba zai tsaya ba sai ya kai bakin teku. A 1874 ya kai. Yana kuma cikin na farko da suka ba da shawara cewa in ƙwaro ya shigo daga wata ƙasa, a koma ƙasar tasa a ɗebo ƙwarin da ke cinsa, maimakon a dogara ga guba kaɗai.

A 1867 Gwamnan Ilinoi ya naɗa shi masanin ƙwari na jiha, shi ne na farko da ya riƙe wannan muƙami a can, ko da yake 'yan majalisa sun ja ƙafa kusan shekara biyu kafin su tabbatar da shi. Bai jira su ba, ya kama aiki ya buga rahotonsa na farko. A 1868 shi da wani saurayi mai suna Charles Riley suka kafa mujallar ƙwari don manoma.

Ƙarshensa

Ranar 12 ga Nuwamba 1869 yana tafe a kan hanyar jirgin ƙasa kusa da Rock Island, ya duƙufa yana karanta wasiƙa, bai ankara ba sai ga jirgi a bayansa. Ya yi tsalle gefe, amma ƙafarsa ta hagu ba ta tsira ba, dole likitoci suka yanke ta. An ce ko a kan gado raha yake yi, wai in an yi masa ƙafar toshiyar kwalba ya huta, ya sami wurin kafe ƙwari in ya shiga daji. Ya kuma rubuta wa jarida cewa kada a ga laifin direban jirgin. Ashe ya ji ciwo a ciki. Ranar 18 ga watan ya mutu, yana da shekara 61. Shekara goma sha kaɗan ke nan duka duka ya yi a wannan fanni.

Gwamnatin jiha ta sayi tarin ƙwarinsa, wajen guda 30,000, aka kai Shikago don a adana su a ginin da ake ganin wuta ba ta cinsa. A watan Oktoba na 1871 babbar gobarar Shikago ta tashi, ta cinye ginin da mafi yawan abin da ke ciki.

Maganarsa ma kusan haka ta so ta yi. Shekara wajen 100 manyan masana, musamman Ernst Mayr, suna kan cewa iri ba ya rabuwa biyu sai in wani shinge na ƙasa ya raba shi, suna ɗaukar zancen Walsh hasashe ne na mutumin da bai da kayan aiki. Gaskiya ne bai da su, don a zamaninsa ba wanda ya san yadda gado ke tafiya daga uwa zuwa ɗa. Sai a shekarun 1960 wani ɗalibin Harvard, Guy Bush, ya koma kan ƙudan tuffa ya tono maganar. A 1988 ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya a jihar Mishigan wadda Jeffrey Feder ke cikinta, ɗaya a Ilinoi ɗin Walsh, suka nuna cewa ƙudan tuffa da na magaryar Amurka sun bambanta a ƙwayoyin gado, ko da an kamo su daga itatuwan da ke tsaye kusa da juna.

Dalilan da aka gano sun bi sawun abin da ya faɗa. Tuffa takan riga magaryar nuna da mako uku zuwa huɗu, saboda haka ƙudan tuffa ya gaji fitowa daga ƙasa da wuri, kuma tun da rayuwar ƙudan bayan ya yi fiffike ba ta wuce 'yan makonni ba, sau da yawa kafin na magarya ya fito na tuffa ya gama aurensa. A 2003 aka gwada su da ƙanshi, aka ga kowanne ƙanshin itacensa yake bi, yana kauce wa na ɗayan, ko da bai taɓa ganin itacen ba tun da aka ƙyanƙyashe shi. A 2009 kuma aka gano wani ɗan ƙaramin zanzaro da ke sa ƙwai cikin tsutsar ƙudan, shi ma ya fara rabuwa biyu, wani na bin tuffa wani na bin magarya. Har yanzu dai ƙudajen biyu ba su gama rabuwa ba, kaɗan daga cikinsu na haɗuwa kowace shekara, don haka masana na lissafa su rassa biyu na iri guda. Amma duk wannan ya faru ne cikin zuriya 150 da 'yan kai.

Manomin Kagoro ko Kachia ko Zonkwa ba ya shuka tuffa, amma matakin farko na wannan labari ya faru a gonarsa tun kafin a haifi kakansa. Masara baƙuwa ce a Afirka, daga Amurka aka kawo ta bayan shekarar 1500. Tsutsar nan da ke huda kara ta ci zuciyarsa kuwa 'yar gida ce, dawa da manyan ciyayin daji take ci tun asali, da masara ta zo sai ta haye kanta, har ta zama ɗaya daga manyan abokan gābarta. Masu bincike a Samaru ta Zariya sun nuna cewa da rani takan kwanta cikin busasshen karan dawa, irin wanda ake tarawa don danga da rufi da girki, ta jira damina, shi ya sa suka ba da shawara a babbaka karan sama sama bayan girbi kafin a jingine shi.

Sa'an nan ga baƙuwar da ta zo daga baya. A farkon 2016 masanan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Badun suka tabbatar da ɓullar wata tsutsa 'yar Amurka mai cin kunnen masara, wadda cikin shekara biyu ta mamaye yawancin ƙasashen Afirka, har da gonakin Arewa. Tun a 1986 wata masaniya, Dorothy Pashley, ta nuna cewa a ƙasarta ta asali tsutsar nan reshe biyu ce. Ɗaya ya fi son masara da dawa da auduga, ɗaya ya fi son shinkafa da ciyawar kiwo. Ido ba ya rarrabe su, sai an duba ƙwayoyin gado. Na masara da farkon dare yake barbara, na shinkafa sai dare ya raba, kuma ba daidai suke jure maganin feshi ba. Saboda haka da tsutsar ta sauka a Afirka, cikin abubuwan da masana suka fara yi har da tattaro samfur daga gonaki don a san wane reshe ne ya shigo. Abin da aka samu shi ne yawancinsu na ɓangaren masara ne, da gaurayen jinin na shinkafa a jikinsu.